Yadda za ka kunna Win+V ka huta da zirga-zirgar kwafi da mannawa a kwamfuta

Duk wanda ke zaman shagon buga takardu a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san wannan wahalar. Kwastoma ya turo maka bayanansa ta WhatsApp, suna da lambar NIN da lambar waya da imel da adireshi, kai kuma ga fom a buɗe a burauza, sai ka je can ka kwafo suna ka dawo ka manna, ka koma ka kwafo NIN ka dawo ka manna, kana ta safa da marwa tsakanin shafi biyu har fom ɗin ya gaji ya fitar da kai ya ce ka sake daga farko, ga mutane tsaye a kanka, ga janareta na ta shan mai. To tun 2018 Windows take da maganin wannan, wato Win+V, jerin da ke riƙe maka abubuwa da yawa da ka kwafa a lokaci ɗaya, matsalar kawai a kashe abin yake zuwa sai ka kunna da hannunka, su kuma masu sayar da kwamfuta a Computer Village ba tsayawa za su yi su nuna maka ba, su dai su sa maka Office da Chrome su miƙo maka caja, sai an jima.

Bari mu fara da abin da ke faruwa in ka danna Ctrl+C, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Kwamfuta tana da wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi da ake kira kilifbod, duk abin da ka kwafa can yake zuwa ya zauna yana jiran ka danna Ctrl+V. Tun asali abu ɗaya tak take riƙewa. Kamar allon almajiri ne, kafin a rubuta sabon karatu sai an wanke na jiya. Shi ya sa in ka kwafi lambar asusu sannan ka kwafi sunan banki, lambar ta tafi kenan, sai ka koma inda ka samo ta. Wani Ba'amurke mai suna Larry Tesler da abokin aikinsa Tim Mott su suka shigo da wannan tsarin na yanka da kwafa da mannawa a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya a shekarun 1970, daga baya kamfanin Apple ya yaɗa shi a kwamfutocin Lisa a 1983 da Macintosh a 1984. Tesler ya rasu a 2020, amma dubi layin ƙasa na kibod ɗinka, Z da X da C da V a jere suke kusa da Ctrl, hannun hagu kaɗai ya ishe su yayin da na dama ke kan maus. Ctrl+X yankewa, Ctrl+C kwafa, Ctrl+V mannawa, Ctrl+Z kuma janye abin da ka yi yanzu yanzu in ka ga ba haka kake so ba.

Da farko duba wace Windows ce gare ka

Danna maɓallin Windows, wato wancan mai hoton taga da ke tsakanin Ctrl da Alt a ƙasa ta hagu, ka riƙe shi ka danna R. Wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta winver ka danna Enter. In Windows 11 ce an wuce wurin. In Windows 10 ce duba lambar da ke gaban Version, daga 1809 zuwa sama duk suna da shi, har da masu harafi a tsakiya irin su 21H2 da 22H2. In ka ga 1803 ko 1709 ko 1607 to sai an yi mata ofdet tukuna. Masu Windows 7 da 8 ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙasa, akwai naku.

Wani abu da ke rikita mutane a nan Legas, yawancinmu tokumbo muke saya, kuma ba duka daga Ingila ko Amurka suke zuwa ba. In laftof ɗinka daga Jamus ta fito ba za ka ga Ctrl ba ko kaɗan, Strg za ka gani a wurin, shi ne dai Ctrl ɗin, sannan Z da Y sun yi musayar wuri. Ta Faransa kuma A da Q ne da Z da W suka sauya. C da V da X dai suna inda ka san su.

Kunnawa

Riƙe maɓallin Windows ka danna V, wannan shi ne Win+V. Wani ɗan allo zai ɓullo ya ce maka abin a kashe yake, da maɓalli an rubuta Turn on. Danna shi. Shi kenan fa, ba saukar da wata manhaja, ba data, ba biyan kowa. In ka fi son bin doguwar hanya, Win+I zai buɗe Settings, ka shiga System, ka gangara zuwa Clipboard, ka kunna Clipboard history.

Abin da ka kwafa kafin ka kunna ba zai dawo ba, daga yanzu ne zai fara tarawa.

Yanzu a ce wani Alhaji mai harkar albasa a Mile 12 ya shigo yana son a cike masa fom.

"Oga, na turo maka komai a WhatsApp tun ɗazu, sauri nake, motata na hanya."

"To Alhaji, zauna minti biyu."

Ka buɗe saƙon, ka yi hailaitin suna, wato ka ja maus a kansa ka zaɓe shi, Ctrl+C, NIN Ctrl+C, lambar waya Ctrl+C, imel Ctrl+C, adireshi Ctrl+C, duk a zama ɗaya ba ka bar shafin ba. Sannan ka koma fom. Abu mai muhimmanci a nan, sai ka fara danna cikin gurbin da kake son rubutun ya sauka ka ga sandar nan tana ƙyaftawa, sannan ka danna Win+V. Za ka ga duk abin da ka kwafa a jere, na ƙarshe a sama na farko a ƙasa, ka danna wanda kake so ya faɗa gurbin. Ka koma gurbi na gaba, Win+V, ka zaɓa. In hannunka ya saba ma ba ka buƙatar maus, Tab zai kai ka gurbi na gaba, Win+V, kibiyar ƙasa har ka iso kan abin, Enter. Ranar farko hannu zai riƙa komawa Ctrl+V da kansa saboda sabo, bayan 'yan kwanaki zai bari.

Haka ma masu aikin kiliyarin a Apapa da Tin Can, lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, ba abin da za ka so ka buga da hannu ba ne sau biyar a takardu biyar, ga lambar takardar jirgi, ga sunan kamfanin mai kaya. Kwafe su gaba ɗaya da safe, duk takardar da ta nema ka ɗauko daga Win+V.

Iyakarsa

Abu 25 yake riƙewa, in ka kwafi na 26 mafi tsufa ya faɗi. Kowane abu kuma kada ya wuce 4 MB, don haka hoto mai nauyi sosai ba zai shiga jerin ba ko da Ctrl+V ya manna shi. Rubutu da hoto yake ɗauka, amma fayil da folda da ka kwafa a File Explorer ba za ka gan su a ciki ba, kar ka yi zaton lalacewa ya yi. Sannan da zarar an kashe kwamfutar an kunna, jerin ya goge. A nan ne NEPA ke shigowa, in kwamfutar tebur ce ba UPS, ana ɗauke wuta komai ya tafi, don haka kada ka yanke dogon rubutu da Ctrl+X ka ce ai yana cikin Win+V zan manna an jima. Ba ma'ajiya ba ce ta dindindin, rubutu mai daraja ka sa shi a Word ko Notepad ka yi sebin.

Sa wa abu fil

Wannan shi ne ɓangaren da ni na fi so. Kowane abu a jerin akwai alamar fil a gefensa, a Windows 11 a fili take, a Windows 10 sai ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Pin. Duk abin da ka sa wa fil ba ya goguwa, ko an kashe kwamfuta, ko NEPA ta ɗauke, ko ka kwafi abu ɗari a bayansa. Me ya kamata ka sa? Adireshin shagonka, lambar asusun da kwastomomi ke turo kuɗi, imel ɗin kasuwanci, gaisuwar nan da kake buɗe kowace wasiƙa da ita, da alamar naira ₦ wadda kullum sai mutane su buga N su wuce.

Sai kuma haruffanmu masu ƙugiya. Mai rubuta Hausa a kwamfuta ya san takaicin neman ƙ da ɗ da ɓ a kibod ɗin Turanci, shi ya sa za ka ga katin ɗaurin aure an buga a Agege an rubuta "daurin aure", ko a rubuta "kasa" mai karatu ya rasa ƙasa ake nufi ko kasawa. Buɗe Word, ka rubuta 0199 ka danna Alt+X, zai koma ƙ. 0257 da Alt+X zai ba ka ɗ, 0253 zai ba ka ɓ. Manyansu kuma 0198 shi ne Ƙ, 018A shi ne Ɗ, 0181 shi ne Ɓ, naira kuma 20A6. Ka yi kowanne a layinsa don kada lambar ta haɗu da wani harafi a bayanta, sannan ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya ka sa musu fil. Gaskiya in littafi guda za ka buga gara ka ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe na Windows, ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma na katin biki ko sanarwar masallaci ko 'yar gajeriyar wasiƙa wannan dabarar ta wadatar.

Kwamfutar da ba kai kaɗai ke zama a kanta ba

To nan fa sai an yi hattara, kuma in za ka manta komai a rubutun nan kada ka manta wannan. Abin da ya sa Win+V ke da daɗi shi ne ba ya mantuwa, a shago kuma wannan ɗin shi ne haɗarinsa. Alhaji ya tashi ya tafi, NIN ɗinsa da BVN ɗinsa da lambar asusunsa suna nan zaune a jerin, wani ya zo ya ce a ba shi minti goma zai duba imel, ya danna Win+V, ga komai a gabansa. In ma ka kwafi fasawod daga wani wuri, shi ma yana iya fitowa ɓaro-ɓaro ba tauraro ba ɗigo. Bayanan mutane amana ce a hannunka, kuma shi Alhajin bai ma san akwai wani abu wai shi kilifbod ba balle ya ce ka goge.

Gogewar ba wuya. Win+V, ka danna Clear all, a Windows 11 yana can sama ta dama, a Windows 10 yana cikin ɗigo ukun. In abu ɗaya kake son cirewa ka danna ɗigo ukun da ke kansa ka zaɓi gogewa. Amma Clear all ba ya taɓa masu fil, su sai ka bi su ɗaya ɗaya, shi ya sa ba a sa wa fasawod ko lambar katin ATM fil, ko da kwamfutarka ce ta gida. Kuma rufe murfin laftof ba kashewa ba ne, barci kawai ta yi, in aka buɗe jerin yana nan yadda ka bar shi. Ka koya wa yaron shagonka, kwastoma na tashi a goge kafin na gaba ya zauna. Kai ma in ka je kafe ko ka ari kwamfutar wani, danna Win+V kafin ka miƙe ka ga me ka bari. A ganina kwamfutar da kwastomomi ke zama da kansu ma bai kamata a kunna mata shi ba sam, a bar shi a kan wadda mai shago ke aiki da ita.

A shafin Clipboard ɗin nan na cikin Settings akwai wani maɓalli a ƙasa na haɗa kilifbod da sauran na'urorinka, yadda za ka kwafi rubutu a kwamfutar ofis ka manna a laftof ɗin gida. Yana buƙatar asusun Microsoft ɗaya a duka biyun da intanet, domin rubutun ta sabar Microsoft yake bi. Har da wayar Android yana yi in kana amfani da kibod ɗin SwiftKey da asusun. In za ka kunna ka zaɓi wanda kai ke tura abin da kake so da hannu, ba wanda ke tura duk abin da ka kwafa ba. A kwamfutar shago kuwa ka bar shi a kashe. Mafi yawanmu tura wa kai saƙo a WhatsApp ya ishe mu wannan aikin.

Rubutu ya zo da kayan adonsa

Ka kwafi sakin layi daga intanet ka manna a Word sai ya zo da launin shuɗi da manyan haruffa da wani baƙin bango a bayansa, takardar da ka ɓata lokaci kana tsarawa ta hargitse. Dalili shi ne kwafi ba rubutun kaɗai yake ɗauka ba, har da kamanninsa. A Chrome da Edge da Firefox, Ctrl+Shift+V zai manna rubutu zalla. A Word ka danna maus na dama, a ƙarƙashin Paste Options ka zaɓi alamar da ke da harafin A, ita ce Keep Text Only, ko in tsohon Word ne ka danna Ctrl+Alt+V ka zaɓi Unformatted Text. Sabon Word na Microsoft 365 ya karɓi Ctrl+Shift+V, amma tsofaffin da ke yawancin shagunanmu wani aiki daban suke yi da shi. A Windows 11 cikin Win+V ɗin kansa in ka danna ɗigo uku akwai Paste as text. In duk ka manta waɗannan, buɗe Notepad ka manna a can ka sake kwafowa, Notepad ba ya riƙe ado ko kaɗan.

Sannan in fom ya ce maka lamba ba daidai ba ce alhali kana kallonta daidai take, duba ƙarshenta, sau da yawa wani fili ne da ba ya ganuwa ya biyo ta lokacin hailaitin. Danna End ka danna Backspace sau ɗaya ka gani. Wasu fom ɗin kuma da gangan suke hana mannawa a gurbin sake tabbatar da imel, nan ba dabara, buga da hannu.

Excel, inda lambobi ke ɓacewa

Wannan ya jawo rigima tsakanin mutane da yawa. Lambar asusun banki a Najeriya 10 ce, da yawansu da sifili suke farawa, lambar waya 11 ce ita ma da sifili take farawa. Ka manna a Excel sai ya ɗauke ta a matsayin lambar lissafi ya cinye sifilin, ta koma 9, ka tura jerin albashin ma'aikata ko na 'yan adashe a dawo maka da shi. Wanda ya fi wannan muni, Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa daidai, duk abin da ya wuce haka sifili yake mayar da shi. Tokin ɗin mitar wuta da kake saya na Ikeja Electric ko na Eko lambobi 20 ne, in ka manna shi haka kawai za ka ga wani abu mai E+19, biyar ɗin ƙarshe kuma sun zama sifili, kuma faɗaɗa gurbin ba zai dawo da su ba.

Maganin sai kafin ka manna, ba bayan ka manna ba. Danna kan harafin ginshiƙin gaba ɗaya, Ctrl+1, ka zaɓi Text, OK, sannan ka manna a matsayin rubutu zalla. In lamba ɗaya ce ka fara buga alamar ' a gurbin sannan lambar ta biyo, alamar ba za ta fito ba sifilin kuma zai zauna.

Sai matsalar fomula. Ka kwafi jimillar kuɗi daga wani shafi ka kai wani sai ka ga #REF! ko wata lamba daban, saboda fomular ka ɗauko ba sakamakon ba. Ctrl+Alt+V, ka danna V, Enter, zai ajiye lambar kaɗai. A akwatin nan dai akwai Transpose, mai juya jerin da ke tsaye ya koma kwance, ranar da ka buƙace shi za ka sa min albarka.

Office yana da nasa kilifbod ɗin daban tun kafin Windows ta yi nata, mai riƙe abu 24. A shafin Home, can hagu ƙarƙashin Paste akwai wata 'yar kibiya a kusurwa, danna ta zai buɗe a gefe. Abin da ya fi Win+V da shi shi ne Paste All, wanda zai zubo duk abin da ka tara a jere lokaci ɗaya, ga mai haɗa sunaye daga takardu daban daban wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Yana aiki ko a Windows 7, sai dai in ka rufe duk manhajojin Office ya goge.

Hoto da fayil

Win+Shift+S zai dusashe sikirin ya ba ka dama ka ja akwati a kan wurin da kake so, hoton ya tafi kilifbod kai tsaye, ka je WhatsApp na kwamfuta ka danna Ctrl+V ya tafi. Rasit ɗin tiransifa, shafin da ya nuna an karɓi fom, duk haka ake tura su, ba sai ka ɗauki waya kana ɗaukar hoton sikirin yana ƙyalli ba. Suna shiga Win+V su ma, don haka kana iya ɗaukar uku ko huɗu a jere sannan ka manna. Alt+PrtScn kuma tagar da kake ciki kaɗai yake ɗauka. A Windows 11 manhajar Snipping Tool tana da Text actions, mai ciro rubutu daga cikin hoto, in an turo maka lamba a hoto ka gwada shi amma ka duba da idonka, yakan rikita sifili da O.

Game da fayil shawarata ɗaya ce, in za ka kai kaya filash ko wani hadis, kwafa za ka yi ba yankewa ba. In ka yi Ctrl+X wuta ta ɗauke a tsakiya ko filash ɗin ya motsa, sai ka tarar rabi na nan rabi na can, ka rasa wanne ya isa lafiya. Ctrl+C, ka manna, ka buɗe biyu ko uku a can ka tabbatar suna buɗewa, sannan ka goge na asali. Kuma ka kiyayi Shift+Delete a kan fayil, ba ya bi ta Recycle Bin.

Masu Windows 7 da Mac da sauransu

Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 an rufe nata a Oktoban 2025, amma mun san har yanzu suna nan cike da shaguna. A Windows 7 da 8 babu Win+V, sai ka sa wata manhaja kyauta mai suna Ditto, ana buɗe ta da Ctrl da maɓallin nan da ke ƙarƙashin Esc. Tana riƙe ɗaruruwan abubuwa, ana iya bincike a ciki, kuma ba ta goguwa in an kashe kwamfuta, wanda ke nufin maganar amanar da muka yi a sama ta ninka a kanta. Ka sauke ta daga shafinta na asali, ba daga filash ɗin wani ba.

A Mac maɓallin Command ne a madadin Ctrl, rubutu zalla kuma Option+Shift+Command+V. Shekara da shekaru Mac ba ta da jeri irin wannan sai da manhajoji irin su Maccy, sai a macOS Tahoe na 2025 aka sa shi cikin Spotlight, Command+Space sannan Command+4. In kana da iPhone a kan asusun Apple ɗaya, ka kwafa a waya ka manna a Mac yana yi tun 2016. A Chromebook maɓallin bincike da V, abu 5 na ƙarshe. 'Yan Linux kuwa sun san kansu, abu ɗaya zan tuna wa sabon shiga, a taminal Ctrl+C tsayar da aiki yake yi, kwafa sai Ctrl+Shift+C.

In ka danna Win+V a Windows 10 ko 11 ba abin da ya fito, koma Settings ka ga ko a kunne yake. In maɓallin ya yi toka-toka ba ya dannuwa kuma kwamfutar ofis ce, masu kula da kwamfutocin wurin ne suka rufe shi, su za ka yi wa magana. Wasu kibod ɗin 'yan gem kuma suna da makullin da ke kashe maɓallin Windows, gwada danna shi shi kaɗai ka ga ko Start zai buɗe.

Ɓarayi ma sun san da kilifbod

Akwai wata muguwar manhaja da ke laɓewa a kwamfuta ba ta komai sai gadin abin da ka kwafa. Da ta ga adireshin walet na kirifto sai ta musanya shi da na mai ita, kai kuma ka manna ka tura, adireshin dogo ne ba wanda ke haddace shi, kuɗin kirifto kuma in sun tafi babu bankin da za ka je ka yi kuka. Yawanci ta cikin manhajojin da aka fasa ake kwaso ta, irin waɗanda ake loda wa mutane kyauta a kasuwa. Matasanmu masu harkar USDT, bayan kun manna ku gwada haruffan farko da na ƙarshe da na tsakiya da wanda aka turo muku, in kuɗin da yawa ku fara tura kaɗan. Na banki ma haka, ka manna lambar asusu ka jira sunan mai shi ya fito ka karanta kafin ka danna tura.

Ɗayar dabarar ta fi sabunta. Ka shiga wani shafi, sau da yawa na kallon ƙwallo ko saukar da fim kyauta, sai ya nuno akwati wai ka tabbatar kai mutum ne, ya ce ka danna Win+R, sannan Ctrl+V, sannan Enter. Lokacin da ka danna akwatin nan shafin ya riga ya cusa wani umarni a kilifbod ɗinka ba ka sani ba, matakai ukun nan kuma su ne za su sa ka kunna shi da hannunka, ya sauko da abin da zai kwashe fasawod ɗin da ke burauzarka. Babu wani shafin gaskiya da zai ce ka buɗe Win+R don ya gane kai mutum ne. A akwatin nan abin da ka buga da kanka ka san ma'anarsa kaɗai ake sawa, irin winver ɗin ɗazu. In ka ci karo da irin wannan, rufe shafin, ka danna Win+V za ka ga wani dogon rubutu da ba kai ka kwafa ba, galibi da powershell ko mshta a cikinsa, ka goge shi. In kuwa an riga an danna Enter, kai ne ko yaron shago, cire kwamfutar daga intanet nan take, ka ɗauki wayarka ka canza fasawod ɗin imel da na banki da na Facebook daga can, ba daga kwamfutar ba, sannan ka kwashe takardunka a filash ka kai ta wurin mai gyaran da ka yarda da shi a sake mata Windows gaba ɗaya.